Agogona Ya Kai Ƙololuwar Dutsen Kamaru, Ni Ban Kai Ba

Duk wanda ya daɗe a Duwala ya san akwai ranakun da in ruwa ya wanke gari, ka tsaya kan gadar Wuri ka dubi yamma, za ka hango wani baƙin abu ya tokare sama kamar hadari. Dutsen Kamaru ke nan. Shekara goma sha tara ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kwango, ina hangen sa, ban taɓa tunanin taka shi ba. Me aka ajiye wa ɗan kasuwa a can?

Hawan jini ne ya fara sauya mini lissafi. Likita ya ce ko in motsa jiki ko in shirya shan magani har ƙarshen rayuwa. Na soma da tattaki bayan sallar asuba, tattaki ya koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Daga baya na sayi agogon 'yan gudu na hannu, irin mai kama tauraron ɗan'adam, wanda ke ƙirga taku da bugun zuciya da tsawon tudun da mutum ya hau. Uwargida ta ce na yi mata kishiya, don ko cikin sallah sai ta ga idona yana son karkata wajen tsintsiyar hannu. Ban musa ba.

Sai kuma babban ɗana, mai shekara goma sha biyar. Yaron ba ya son shago. In na zaunar da shi ya auna wa mutane yadi, sai in tarar da shi ya duƙufa kan littafin Faransanci na labaran ƙirƙira, na tafiya sararin sama da wasu duniyoyi. Na sha yi masa faɗa, amma faɗan bai kai zuci ba, domin ni ma a irin shekarunsa na karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a samaniya. Na karanta shi har bangonsa ya yage. Ban taɓa faɗa wa ɗan nawa wannan ba, kuma mun kai lokacin da maganarmu ba ta wuce "ka yi sallah?" da "kawo makulli."

Shi ya kawo maganar dutsen. Ya karanta littafin Jules Verne na 1864, inda matafiya suka shiga cikin ƙasa ta bakin wani dutse mai aman wuta a Aisilan, suka ɓullo ta wani a Italiya. Ya ce, "Baba, ashe mu ma muna da irinsa a bayan gida, kuma har tsere ake yi a kai." Rabon da ya nemi wani abu a wurina ban da kuɗin makaranta har na manta.

Muka tashi mu biyar a wata Juma'a ta Fabrairu, kafin azumi. Daga Duwala zuwa Buea kimanin kilomita saba'in ne: Bonaberi, gadar Mungo, gonakin roba da ayaba na Tiko, sai Mutengene inda hanya ke fara hawa, iska na sanyaya. Ba zan ɓoye muku ba, uwargida ba ta so tafiyar ba. Yankin masu Ingilishi yana cikin rikici tun 2016, kuma a tseren 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanya, mutane suka ji rauni. Sai da abokin cinikina da ke zaune a garin ya tabbatar mana da lafiya, ya ce a gidansa za mu sauka. Wanda zai je, ya riƙe katin shaida a hannu saboda shingaye, kuma ya sani ranar Litinin ba a harka a wannan yanki.

Da asubar Asabar muna filin wasa na Molyko. An fara wannan tsere a 1973, yanzu ana ce masa Tseren Fata. Daga filin ake tashi a hau har ƙololuwa, sama da mita 4,000, a sauko, wajen kilomita 38 ke nan. Gwanayen maza kan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Na ga masu dawowa da gwiwa a ɗaye, jini da toka sun cakuɗe. 'Yata ta fi sha'awar labarin Sarah Etonge, uwar 'ya'ya wadda ta ci tseren mata har sau bakwai, ake kiranta Sarauniyar Dutse, aka kuma yi mata mutum-mutumi a garin. Ni da nake taƙama da kilomita goma a kan kwalta, sai na ja bakina na yi shiru.

Lahadi muka kama hanya, ni da yaron da ɗan jagora da mai ɗaukar kaya. Dutsen gandun gwamnati ne tun 2009, ba a hawa sai da jagora. Namu Babakweri ne, mutanen da suka gaji wurin. Ya ce kakanninsa sun yi imani akwai mai tsaron dutsen, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse. Na ce Allah ɗaya ne, ya yi dariya ya ce shi ma coci yake zuwa.

Farko daji ne mai duhu da laima, ganye na ɗiga. Wajen mita 2,000 sai dajin ya yanke kamar an sa almakashi, muka fito fili mai busasshiyar ciyawa da tudu miƙe tsaye. Ruwa sai wanda muka ɗauko, don dutsen aman wuta kamar rariya yake, ba ya riƙe ruwa. Abin mamaki, a ɗaya gefen dutsen akwai Debunsha, inda ruwan sama kan kai mita goma a shekara. Mun yi taimama muka yi azahar.

Da yamma muka isa bukka ta biyu, kusan mita 2,800. Gajimare yana ƙasanmu, ƙasa baƙa ƙirin, duwatsu masu huji-huji kamar ƙonannen burodi. Dutsen ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma narkakken dutsen 1999 sai da ya gangara ya datse hanyar bakin teku kusa da Bakingili. Yaron ya tsuguna yana juya wani dutse a tafin hannu, ya ce, "Baba, haka Mas take." Ya ba ni labarin wani dutse a can, Olimfus, wanda ya ninka wannan fiye da sau biyar. A nan, cikin sanyin da ya sa haƙorana kaɗawa, na ba shi labarin littafin Dembo. Ya dube ni kamar baƙo. "Kai, Baba? Da Hausa?" Muka yi hira har dare ya raba.

Ƙarfe uku muka tashi da fitilun goshi. Ba mu yi awa biyu ba kaina ya fara sarawa, zuciya na tashi, ƙafa kamar an ɗaura mata buhun gishiri. A irin wannan tsayi, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta bakin teku, kuma mu daga bakin tekun muka fito ranar Juma'a. Agogo ya nuna bugun zuciyata ya ƙi sauka ko da na zauna. Jagora ya haska fuskata ya ce, "Alaji, maganin wannan ɗaya ne, sauka."

Yaron bai ce komai ba. Ya juya zai bi ni ƙasa, kuma wallahi wannan juyawar ta fi ciwon kan zafi. Na tuna uwarsa da ta ce amana ta ba ni. Waya ba ta kamawa, balle in tambaye ta. Na dubi jagoran, mutumin da jiya kawai na san shi. Na tambaye shi ko yaron zai iya, ya ce numfashinsa ya fi nasa. Sai na kwance agogon na ɗaura wa ɗana, na ce in lambar nan ta haura ya ji jiri, ya dawo ba gardama. Na yi masa addu'a, suka wuce, ni da mai kaya muka gangara bukka.

Awa biyar na yi zaune a bakin ƙofa da carbi. Ban taɓa jiran kwantena a tashar jirgin ruwa da irin wannan fargaba ba. Da hantsi na hango ɗigo biyu suna zamowa cikin toka. Leɓensa ya tsage, idonsa ya yi ja, batirin wayarsa sanyi ya cinye tun a hanya, ko hoto ɗaya bai ɗauka ba. Ya ce a saman babu komai sai iska mai neman ture mutum, minti goma kawai suka iya tsayawa.

Mun sauko Litinin da yamma gari tsit, muka taka da ƙafa har masauki. Uwargida ta ji labari, ta yi kwana biyu ba ta kira ni Alhaji ba, sai "kai."

Da muka koma Duwala agogon ya haɗu da intanet, ya aika wa abokan guduna cewa na hau sama da mita 4,000. Kafin azahar saƙonnin barka sun cika waya, wani har ya zo shago da lemo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa ba ni ba ne. Yaron yana gefe yana auna wa wata hajiya yadi shida, yana danne dariya. Littafin Dembo kuwa na aika Kano a nemo mana, an ce sai an duba wajen masu tsofaffin littattafai.