Gashi Kafin Wuƙa: Abin da Na Tarar a Gwarzo da Kabo

Daga Maraɗi na fito, biki ya kai ni Gwarzo, na kuma leƙa Kabo. A tasha da kasuwa babu muryar da ta kai ta masu maganin basir amo a lasifika. Mu ma can gida haka abin yake: duk jinin da ya biyo bayan gida sunansa basir, har sai mutum ya rame, zama ya gagare shi.

Haka ta faru da wani dattijo manomi, maƙwabcin masaukina. Da jiƙe-jiƙe suka ƙi ci, aka tura shi Kano, tafiyar kusan kilomita 70, inda aka ɗebi tsoka aka yi hoto, aka ce sankarar dubura ce, ta kuma yi nisa. Abin da ya ɗaure wa 'ya'yansa kai shi ne likita bai ce a yi aiki nan take ba. Sai an fara gashi, wato gasa ƙarin da inji, da maganin kemo tukuna. Su a ganinsu jan rai ne.

Likitan na da hujja. Ƙugu wuri ne matsattse, mafitsara da jijiyoyi duk suna nan cunkushe, ƙari babba kuwa ba ya fita tas. Gashi na ƙanƙantar da shi. Wani bincike na Jamus da aka wallafa a 2004, kan mutum sama da 800, ya nuna cikin shekara biyar ciwon ya sake tsirowa a wurin ga kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka gasa kafin aiki, alhali ga waɗanda aka gasa bayansa kashi 13 ne. Tsawon rai dai bai bambanta ba.

To amma injin gashi ba a Gwarzo yake ba, balle Kabo. A da, Shika ta Zariya, Sakkwato ko Abuja ake nufa. Gashin kuwa Litinin zuwa Juma'a ne, mako biyar ko shida, kullum 'yan mintoci, ga ƙwayoyin kemo, ga masauki da abincin mai jinya. Idan da damina ne, gona ta tafi.

Sannan a sallamo mutum ya jira mako shida zuwa takwas, ko fiye, kafin tiyata. Nan ne na fi ji wa dattijon tsoro. Jini ya tsaya, ya fara cin tuwo, kuɗi sun ƙare, ga fargabar a maƙala masa ledar bayan gida a ciki, yana tunanin alwala da shiga sahu. 'Yan dubiya sai barka suke yi masa, alhali ƙarin yana iya kasancewa nan a kwance, kuma ranar komawa Kano saura mako biyu.