Ni Ce Mai Riƙe da Shafin Amsa



A wannan fitowar zan ba ku labarin wani aiki da ake ba ni a gida, wanda ya sa yanzu ba na wasa da darasin lissafi. Ina da yayye biyu a manyan makarantu. Yayata tana foliteknik, shekara ta biyu, tana karanta harkokin kasuwanci. Yayana kuma yana Kwalejin Ilimi yana karanta kemistiri, burinsa ya zama malami. Duk a gida suke kwana. Idan jarrabawa ta matso, tabarmar tsakar gidanmu cika take da tambayoyin jarrabawar baya da littattafan gwaji, irin waɗanda ake sa amsoshinsu a shafin ƙarshe.

Da an idar da sallar isha'i, kowannensu zai zaɓi tambayoyi biyar. Ni ake miƙa wa shafin amsa, in koma gefe in zauna. In babu wuta, har da haska musu fitila. Dokar ita ce ba zan faɗi amsa ba. Wanda ya gama zai karanto abin da ya samu. In ya dace in ce "daidai". In bai dace ba in ce "sake", shi ke nan. Ko Yaya ta yi min alkawarin alewa ba na buɗe baki, domin ita da kanta ta kafa dokar.

Akwai dalilin kafa ta. A shekararta ta farko, Yaya ta faɗi darasin ƙididdiga, ta samu abin da suke kira kari-oba, wato sai ta sake ɗaukar darasin. Ba rashin karatu ya ka da ita ba. Ita da ƙawayenta sun tara tambayoyin shekarun baya sun haddace amsoshin tsaf, kamar yadda muke haddace sunayen jihohi da manyan biranensu. Da aka shiga jarrabawa, sai ga tambayoyin nan sun fito, amma malamin ya canza lambobi. Hadda ba ta yi mata rana ba. Ta yi kuka sosai, domin in ba ta haye darasin ba ba za ta gama tare da 'yan ajinsu ba, ga shi da awarar Mama da ɗan albashin Baba ake haɗa kuɗin makarantar. Tun daga nan ta ce ba za ta ƙara kallon amsa ba sai ta yi gumi a kan tambaya.

Da farko ina jin tsoron takardun nan. Turancinsu manya ne, ga alamomi kamar rubutun likita. Amma yau da gobe sai na fara karanta tambayoyin da kaina kafin su gama. Abin da na gani ya ba ni mamaki. In aka cire manyan kalmomin, abin da ya rage a ciki shi ne tarawa da rabawa da kashi cikin ɗari, wato abin da ake rubuta mana a allo a nan ajinmu. Bari in nuna muku ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da ƙididdiga. Wata tambaya ta ce mutum biyar suna aiki a shago ɗaya. Abin da suke samu a rana shi ne naira 2,000, da 2,000, da 2,500, da 3,000, da 20,500. A nemo matsakaici, a nemo lambar tsakiya, sannan a faɗi wanne ya fi bayyana halin ma'aikatan. In ka tara kuɗin duka za ka samu 30,000. Ka raba gida biyar, matsakaici ya zama 6,000. Amma ku duba da kyau, mutum huɗu cikin biyar ba wanda yake samun fiye da rabin wannan kuɗin. Mai 20,500 ne ya ja lissafin sama. In kuwa ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, wadda ta faɗo tsakiya ita ce 2,500, kuma ita ta fi kusa da gaskiyar aljihun yawancinsu. Yaya ta ce shi ya sa in ka ji an ce "matsakaicin abin da mutane ke samu kaza ne", ka tambaya ko akwai attajiri ɗaya a cikin lissafin. Haka ma a aji. In ɗalibi ɗaya ya ci 95 saura suna ƙasa da 40, matsakaicin makin aji zai ɓoye cewa yawancinmu ba mu gane darasin ba. Da irin wannan ilimin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitar da rahoton hauhawar farashi duk wata, da shi kuma aka yi aikin ƙidayar 2006 da ta ce mutanen Najeriya sun kai miliyan 140.

Sai ilimin tattalin arziki. A nan tambayoyin suna yawan magana a kan abu biyu, yawan kayan da aka kawo kasuwa da yawan masu nemansu. Duk wanda ake aika cefane ya san wannan. Da rani, lokacin da masu noman rani a Kadawa da Kura suke ɗibar tumatir, kwando yana araha har a yanka a shanya a bakin titi. Da damina ta sauka sai ya yi tsada, a koma kauɗa da tumatirin leda. Rago ma haka, kwana uku kafin Babbar Sallah farashinsa daban, bayan sallah daban. Tambayar da na fi tunawa ta ce farashin wani kaya ya tashi daga 1,000 zuwa 1,200, abin da ake saya a rana ya sauka daga 50 zuwa 45. Farashi ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari ke nan, ciniki ya ragu da kashi 10. Ka raba 10 da 20, ka samu 0.5. Tunda amsar ba ta kai ɗaya ba, ma'anarta kayan nan na dole ne, ko ya yi tsada mutane ba sa iya barinsa. Nan take Mama ta ce daga bakin murhu, "Ai gishiri ke nan." Yaya ta duba littafin, sai ga gishiri cikin misalan da aka bayar.

Darasin kasuwanci shi ya fi taɓa gidanmu. Tambayar ta ce wani kamfani yana biyan haya da albashi 60,000 a wata. Yana kashe 300 wajen yin kowane kaya, ya sayar 500. Guda nawa zai sayar kafin ya mayar da kuɗinsa? Kowane guda yana barin 200. Ka raba 60,000 da 200, amsa 300. Ƙasa da haka asara ce, sama da haka riba. Da Yaya ta gama sai ta ce, "Mama, zo mu gwada da awararki."

Mama ta ce ita ta san ribarta. A lokacin takan sayi waken suya na 3,000 da mai na 2,000, ta fitar da awara 160 a kan naira hamsin-hamsin, wato 8,000. A lissafinta riba 3,000. Yaya ta ɗauki biro ta fara tambaya. Niƙa fa? 300. Itace fa? 700. Yaji da albasa da leda? 500. Kuɗin da ake kashewa ya tashi daga 5,000 ya koma 6,500. Ka raba 6,500 da 50, sai ta sayar da awara 130 kafin uwar kuɗi ta dawo. Sannan Yaya ta juyo ta kalle mu, ni da ƙannena. Aka lissafa, ashe kullum mukan ci kamar guda ashirin a bakin kasko. Abin da ake sayarwa 140 ne, kuɗinsa 7,000. Ribar wahalar yini guda, tun daga jiƙa wake har suya, naira 500 ce.

Mama ta yi shiru ta daɗe. Ta ce dama tana mamakin yadda ciniki yake tafiya amma asusunta ba ya nauyi. Yanzu abubuwa uku sun canza. Tana sayen wake da yawa da kaka lokacin da yake araha. Dusar awara da take bayarwa kyauta, yanzu masu kiwon awaki suna saya. Mu kuma an yanka mana biyu-biyu, kuma ni aka ba littafin rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ƙannena har yau suna jin haushin wannan tambayar.

Kemistiri na zata shi ne ba zan taɓa ganewa ba. Wata rana yayana yana fama da tambayar da ta ce a nemo kashi nawa cikin ɗari na takin yuriya ne naitirojin. Ya rubuta CO(NH₂)₂, ya ce kowane harafi yana da nauyinsa. Kabon ɗaya 12, oksijin ɗaya 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4. Jimla 60. Sai a raba 28 da 60 a ninka da ɗari. Na yi a bayan littafina na samu 46.7. Ya tashi ya ɗauko tsohon buhun taki da muke zuba gawayi a ciki, ya haska min. An rubuta 46 a jiki. Ke nan a buhu mai kilo 50, naitirojin kilo 23 ne. Takin NPK 15-15-15 kuwa, wanda manoma ke kira kamfa, lambar farko ita ce ta naitirojin, don haka kilo 7.5 ne kawai a buhu. Manomin da ya iya wannan lissafin ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Ya kuma nuna min cewa madafin Mama ma ɗakin gwaji ne. Ruwan tsamin da take zubawa a tafasasshiyar madarar wake asid ne, shi yake sa ta dunƙule ta zama awara. Kanwa kuma kishiyar asid ce, shi ya sa ake sa ta a kashe tsami. Muka jefa 'yar kanwa a kofin zobo, launinsa ya yi duhu. Muka matsa lemon tsami, ja ya dawo. Ya ce a kwaleji da irin wannan canjin launin suke gane lokacin da asid da kishiyarsa suka yi daidai, sannan su yi lissafin ƙarfin kowanne. Lissafin kuwa ninkawa ne da rabawa.

A zaman nan na lura da abubuwan da masu yin tambayar gwaji da gaske suke yi. Suna karanta tambaya sau biyu kafin su taɓa biro. Suna rubuta abin da aka bayar a gefe ɗaya, abin da ake nema a ɗaya gefen. Suna rubuta kowane mataki, domin in na ce "sake" su san inda za su koma su duba. In sun samu amsa sukan tambayi kansu ko ta yi kama da hankali. Yayana ya taɓa samun kashi 467 cikin ɗari, bai ma jira ni ba ya soke, ya ce abu ba ya fin kansa yawa. Tambayar da ta ba su wuya kuma sukan sa mata alama, bayan kwana uku su canza lambobin su sake yi. Da wannan hanyar Yaya ta sake zama jarrabawar ƙididdiga, kuma alhamdu lillahi ta haye.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labarin allon nan shi ne abin da muke gani da safe kafin a buga ƙararrawa. Littafi ɗaya yana zagaya benci biyar, kowa yana kwafar aikin gida. Wasu kuma sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa lissafi ba nasu ba ne, wai in sun je SS 1 za su gudu ajin kasuwanci ko na adabi su huta. 'Yan uwa, Yaya kasuwanci take karantawa, kuma kashi cikin ɗari ya bi ta har foliteknik. Jarrabawar BECE tana jiranmu a ƙarshen JSS 3, bayanta ga WAEC da NECO da JAMB, kuma yawancin kwasa-kwasan manyan makarantu sai da kiredit a lissafi. A ɗakin jarrabawa babu benci na gaba da zai miƙo littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina kuma roƙon malamanmu, cikin girmamawa, su riƙa ba mu wasu tambayoyin da kuɗin ƙosai da mudun gero da buhun taki. In muka ga kayan gidanmu a cikin tambaya, tsoron yana raguwa.

Ga tambayoyi huɗu na tsara, ɗaya daga kowane fanni. Ku yi su da kanku a takarda tare da matakai, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.

1. Makin ɗalibai bakwai shi ne 4, 5, 5, 6, 7, 9, 20. Nemo matsakaici da lambar tsakiya. Wanne ya fi bayyana halin ajin?
2. Mudun gero ya tashi daga 1,500 zuwa 1,800. Da kashi nawa cikin ɗari ya ƙaru?
3. Mai ƙosai ta kashe 4,500, tana sayar da guda ɗaya naira 50. Guda nawa za ta sayar ta mayar da kuɗinta? In ta sayar da 120, nawa ce ribarta?
4. Buhun NPK 20-10-10 mai kilo 50, kilo nawa na naitirojin ke ciki?

Amsoshi da sunayen waɗanda suka ci za su fito a fitowa ta gaba, in sha Allahu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga 'yar uwarku ta JSS 2, mamba a ƙungiyar 'yan jarida.