Saƙar Zuci da Nauyin Rayuwa a Idon Dattawa

Daga cikin abubuwan da mutum ba ya gane amfaninsu sai ya manyanta akwai saƙar zuci, wato halin da tunani ke barin inda jiki yake ya tafi yana gina al'amuran da ba su faru ba, abin da wasu ke kira mafarkin ido biyu. A ƙuruciya aibi ake ɗaukar wannan hali, domin yaron da aka tarar ya zuba tagumi tsawa yake sha, malamai kuma sun daɗe suna gargaɗi a kan dogon buri, wanda ke shagaltar da bawa daga aikin da ke gabansa. Sai dai dattijon da ya ga shekarun fari, ya yi jinya, ya binne 'yan'uwa, ya san akwai ranakun da, bayan addu'a, babu abin da ya hana zuciyarsa karyewa face wannan ɗan yawo na hankali, kuma ya san yawon iri biyu ne, wani yakan sauke wa mutum nauyi, wani ya ƙara masa.

Abin da ke raba su, a ganin mafi yawan waɗanda suka daɗe a duniya, shi ne ko tunanin ya sami ƙofar fita ko bai samu ba. Kafin injin niƙa ya shiga ƙauyuka, mace takan durƙusa a gaban dutse tun da asuba, hannunta na kai da komowa, bakinta kuwa yana rera waƙar niƙa, wadda take shirya ta nan take, ta zuba kewar gidansu a ciki, ta yi habaici ga kishiya ko uwar miji, ta faɗi abin da kunya ba za ta bari ta furta a zance ba. Idan ta tashi, ga gari a ƙwarya, ga kuma ƙirji ya yi sauƙi. Haka mai kaɗi da mazari, da maɗinkin hula da ke ɗaukar makonni yana cike zane ɗaya da allura, dukansu sun bar hannu da aikin da ya saba, hankali kuma ya tafi kiwo. Tatsuniya ma gidan nan ta fito, domin Gizo, ƙaramin halitta da ke yi wa zaki da kura wayo, burin talaka ne da aka sa wa ƙafafu, kuma hana yin ta da rana da aka yi ya nuna cewa magabata ba su ƙi ƙage ba, lokaci kawai suka yanka masa.

Da boko ya zo, wannan ɗabi'a ta bi alƙalami. Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, na biyun kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, saboda an rubuta shi shekara talatin bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, kuma jaruminsa, bayan ya gwabza da Turawa, ya wuce duniyar aljanu inda takobinsa ke cin nasarar da ta gagara a gida. Al'ummar da aka ci da yaƙi ta sami wurin huce takaici a kan takarda. Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, littattafan soyayya sun cika kasuwannin Kano, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka yi fice, kuma ko da yake an zarge su da raba 'yan mata da gaskiyar rayuwa, zargin bai yi adalci ba, tunda auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci su ne kan maganar da yawa daga cikin littattafan.

Binciken zamani bai yi nisa da wannan fahimta ba. A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa a Amurka sun bayyana cewa akwai sassan ƙwaƙwalwa da aikinsu ke ƙaruwa daidai lokacin da mutum bai mai da hankali kan komai ba, daga baya kuma aka gano su ne ke aiki wajen tuna baya da kintacen gaba. A 2010 kuma Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar hannu, suka tarar hankalinsu ba ya kan abin da suke yi a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tambaye su, kuma galibi farin cikinsu ya ragu a waɗannan lokuta. Wannan ba zai ba dattijo mamaki ba, domin ya san wasiwasi, wato tunanin da ke zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, bashi da gori da fargabar gobe, babu waƙa babu labari. Akwai ma waɗanda mafarkin ke cinye musu sa'o'i har karatu da sana'a su lalace, matsalar da Eli Somer na Jami'ar Haifa ya bayyana a 2002.

Babu mai hankalin da zai so a koma dutsen niƙa, domin injin rahama ne ga bayan mata da gwiwoyinsu, amma abin da ke damun manya a yau shi ne giɓin da hankali ke samu a bakin rijiya, ko a cikin mota, ko kafin barci, yanzu waya ta cike shi da abin da wasu suka saƙa, har matashi ya wuni bai zauna da tunanin kansa ba. Duk da haka wayar nan ce ɗimbin matan aure a Kano da Zariya da Maraɗi ke rubuta dogayen labarai a kanta bayan yara sun kwanta, suna sakin su babi-babi a WhatsApp da Wattpad, wasunsu har masu karatu na biyan su kuɗi kafin su ga ci gaban labarin.