Fendar da Ta Kusa Hana Mu Zuwa Gasa

Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin koyon sana'a a zangon da ya wuce ya san motarmu. Wasu na kiranta "Ƙwaro", 'yan aji ɗaya kuma "amalanke mai inji". Mu 9 ne 'yan ƙungiyar JETS da muka shafe wata 7 muna haɗa ta. Injin na tsohon Keke Napep ne, tayoyin ma haka, bodin kuma bututun ƙarfe ne da muka yi wa walda da hannunmu. Ranar da ta fara tashi, har masu sayar da awara a bakin get sai da suka leƙo.

A gwaji na biyu, kan tsakuwar da ke gefen filin ƙwallo, tayar gaba ta cillo dutse ya sami direbanmu a ƙasan ido. Muka yi ta dariya, shi ma ya goge jinin yana dariya. Malam kuwa bai ko murmusa ba. Washegari shugaban makaranta ya ce motar ba za ta je gasar kimiyya ta makarantu ba sai jami'in VIO ya duba ta ya sa hannu.

Jami'in ya zo ranar wata Talata. Ya taka birki, ya juya sitiyari, ya kunna fitila, ya danna hon. Duk lafiya. Har mun fara taɓa juna, sai ya tsuguna gaban mota ya ce, "Samari, ina fendarku?"

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Yallaɓai, ai motocin tsere ma ba su da ita."

Ya ce, "Motar tsere a killataccen fili take gudu, direbanta da hular kwano. Taku a tsakiyar ƙannenku za ta yi yawo. Na ba ku mako 2."

Gaskiya mun raina aikin. Muka ce wanda ya ɗora inji, kwanon rufe taya ne zai gagare shi? Muka yanko tsohon duro, muka lanƙwasa, muka manna shi da walda a jikin bodi, dab da taya don ya yi kyau. Kafin la'asar mun gama. A miƙe motar ta tafi sumul. Da aka karya kwana sai muka ji ƙuuu, taya na gugar kwano. Da mutum biyu suka hau aka faɗa ɗan rami, sai tayar ta doki fendar daga sama. Bakin kwanon kuma kamar reza, ya tsaga wa sakatarenmu yatsa. Kwana 4 suka tafi a banza, muka koma yanke abin da muka liƙa.

Ranar Asabar Malam ya kai mu garejin wani dattijo mai gyaran bodi. Ya saurare mu, ya ce, "'Ya'yana, da kwali ake farawa. Kwali in ya lalace ba a kuka." Shi ya fahimtar da mu abin da muka tsallake. Tayar baya sama da ƙasa kawai take motsi. Ta gaba kuwa motsi biyu gare ta: tana hawa da sauka, tana kuma juyawa dama da hagu. Wanda ya auna ta a tsaye cak, rabin aikinta ya auna.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi fenda mai faɗi a jikin bodi, a bar wa taya filin da za ta yi duk motsinta, ko a yi ƙarama a ɗaure ta a ƙarfen da ke riƙe da tayar, ta riƙa juyawa tare da ita. Da yake gaban motarmu siriri ne, muka zaɓi ta biyu.

Muka dawo muka ɗaga motar da jak. Muka yanka kwali, muka ɗora, muka karya sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare. Muka sauke ta, muka jibga buhunan yashi a kujera don mu ga iya inda za ta zauna. Sai da kwali na 5 ya zauna daidai sannan muka taɓa kwano. Mun bar tazarar kamar yatsa biyu tsakanin taya da fenda, muka sa faɗinta ya ɗan zarce na tayar. Ta baya muka sauko da ita ƙasa sosai, domin daga bayan taya tsakuwa da taɓo suke tasowa su nufi direba. Bakin kwanon muka naɗe shi a kan waya da guduma, a hankali, har ya daina yanka.

Saura kwana 3, ƙarfen da ke riƙe da fendar hagu ya tsage saboda girgiza. Ɗaya tal muka sa wa kowace. A daren nan babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Da safe muka mayar da su bibbiyu, muka sa guntun tsohon tub tsakanin ƙarfe da kwano don ya shanye girgizar, muka ɗaure da noti biyu-biyu.

Da jami'in ya dawo, bai ce komai ba. Ya kama fendar ya jijjiga da ƙarfi. Ya bi bakinta da yatsa. Ya sa aka karya sitiyari dama da hagu yana leƙawa. Sannan ya sa aka kwara bokitin ruwa a ƙasa, ya ce direba ya bi ta ciki. Direba ya fito da farar rigarsa tas. Nan ya ciro biro. Ya dai ja mana kunne cewa takardar ta filin gasa ce, ba ta hawa titi ba.

Ba mu zo na ɗaya ba. Amma wani alƙalin gasar ya fi daɗewa a kan fendar nan fiye da injin da muke ta taƙama da shi. A hanyar dawowa Malam ya ba mu labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Ya ce mai zanen mota ba kyau kaɗai yake dubawa ba, har da wanda ke tsaye a gefen hanya.

Tabon da ke ƙasan idon direbanmu yana nan, kuma mun daina yi masa dariya. Ƙannenmu da ke son shiga ƙungiya, ku same mu ranar Laraba bayan tashi. Tayoyin baya har yanzu tsirara suke. Kowa ya zo da kwalinsa.

Daga 'yan ƙungiyar JETS, aji 5