Daga Sabon Gari zuwa inuwar Samaru

Ana tsakiyar bazara na hau Keke Napep daga kasuwar Sabon Gari na nufi Samaru. Sabon Gari unguwa ce da ta bunƙasa bayan layin dogo ya iso Zariya wajen 1911, kuma yau kwano da bulon siminti ne suka cika ta. Da azahar mai shago kan fito waje neman iska. Muka bi ta Kwangila, muka wuce Palladan, gumi na ta tsiyaya.

Da shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, sai jiki ya ji bambanci. Manyan itatuwa sun yi wa hanyoyi rumfa, ɗalibai na karatu a gindinsu. Jami'ar na da lambun tsirrai da ake koyarwa a cikinsa, ga kuma cibiyar binciken aikin gona da tushenta ya faro tun 1922. Ruwan sama a Samaru bai fi na wata biyar zuwa shida ba a shekara, don haka itacen da zai rayu a lambu shi ne mai jure rani: maɗaci, ɗorawa, tsamiya, darbejiya. Ciyawar ado mai shan ruwan famfo kullum kuwa, a ganina ɓarnar ruwa ce.

Batun gini ma Zazzagawa ba baƙi ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da tubali da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Katangar ƙasa mai kauri takan tsare zafin rana, sai dare ya yi ta sake shi, shi ya sa soro ke da sanyi da rana. Magina kuma kan yi yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don kada damina ta zaizaye bango. Ashe itacen da ke ba lambu inuwa shi ke kare gininsa.

Gidan ƙasa na son gyara kafin kowace damina, wannan gaskiya ne. Amma rumfar hutawa a wurin shaƙatawa ba bene ba ce. Duk hukumar da za ta yi wa jama'a lambu a Sabon Gari, ta nemi maginan birni kafin ta yi odar siminti.