Daga Southampton Zuwa Niyok: Zaɓen Ɗaki A Cikin Jirgin Ruwa

Dattawan da suka yi karatu a Ingila kafin jirgin sama ya yawaita suna tune da Aureol, jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 har zuwa 1974. A shekarunsa na ƙarshe tashar Southampton ce masaukinsa. To, daga wannan tasha ce a yau jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard yake tashi ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa birnin Niyok na Amurka, tafiyar kwana bakwai, ba tsayawa, ba ganin tudu.

A Faransa aka ƙera shi, ya fara aiki a 2004. Tsawonsa ƙafa 1,132, kuma yana ɗaukar fasinja fiye da 2,600, watau gari guda ke nan a kan ruwa, da unguwanninsa hawa-hawa. Kowace unguwa da halinta. Wanda kuwa ya yi kuskuren zaɓe tun a tudu, sai ya yi haƙuri da abin da ya biya, domin jirgi yakan tashi a cike, ba kasafai akan sami sauyi ba.

Kuɗin ɗaki yana hawa ne yadda bene yake hawa. Mafi araha su ne ɗakunan ciki marasa taga, inda mutum ba ya bambanta dare da rana sai ya dubi agogo. Mafi tsada suna can sama, a hawa na 9 da na 10, waɗansunsu a goshin jirgi, waɗansu a can baya. Amma teku ba ta san wannan lissafi ba. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta motar safa a hanya mai gargada ya san sauran bayani. Idan igiyar ruwa ta taso, goshin jirgi da bayansa su ne ke hawa da sauka, tsakiya kuwa motsinta kaɗan ne. Haka kuma hawan sama ya fi na ƙasa tangaɗi. Akwai waɗansu fukafukai guda huɗu a ƙarƙashin ruwa masu rage karkata dama da hagu, amma ba su da iko a kan hawa da saukar goshi. Saboda haka mai saurin jiri da tashin zuciya, wurinsa tsakiya ne, a hawa na 4 ko na 5, ko da aljihunsa zai iya kai shi sama.

A nan ne kuma ake samun wata irin baranda wadda ba kowane jirgi ke da ita ba. A hawa na 4 da na 5 da na 6 an huda barandar ne a cikin ƙarfen jikin jirgin, kamar babbar taga marar gilashi. Mai zaune a kujera sararin sama kawai yake gani, sai ya miƙe tsaye kafin ya hangi ruwa, shi ya sa waɗansu ke raina ta. Alhali kuwa a arewacin Atlantika, inda iska ke kaɗawa da sanyi har a tsakiyar lokacin zafinsu, wannan baranda ita ce ake iya zama a cikinta a sha shayi. Ta sama mai shingen gilashi ta fi ban sha'awa, tun daga kan gado ana kallon teku, amma ranar da iska ta tashi, buɗe ƙofarta ma aiki ne.

Hawa na 8 yana bukatar lura. Saboda girman igiyoyin wannan teku, an ɗaga kwale-kwalen ceto sama fiye da yadda aka saba a sauran jirage, sai suka tsaya daidai gaban barandar ɗakunan tsakiya na wannan hawa. Kamfanin ba ya ɓoye haka, yana rage kuɗin ɗakunan. Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba: wani ɗaki kwale-kwale ya tare shi ɗungum, wani kuwa ya faɗo a tsakanin biyu, yana ganin ruwa ta tsaga. Taswirar jirgi ce ke nuna wannan, lamba bayan lamba, kuma ya kamata a dube ta kafin a biya.

Taswirar ce har ila yau za ta nuna maƙwabcin sama da na ƙasa. Hawa na 7 shi ne kasuwar jirgin: nan ne babban wurin cin abinci na Kings Court yake, nan ne kuma farfajiyar da ta kewaye jirgi, wadda masu motsa jiki ke zagayawa tun da asuba. Mai ɗaki a hawa na 6 yana kusa da duk wannan, amma yana iya jin jan kujera da takun sawu a bisa kansa. Ɗakin da ke da ɗaki a samansa da ɗaki a ƙasansa ya fi shiru. Tsoho ko mai ciwon gwiwa kuma ya nemi kusa da ɗaya daga matakalai huɗu da ke da na'urar hawa, don tafiya daga goshi zuwa baya sau uku a yini ba wasa ba ce.

Saura zancen dama ko hagu. Mai tafiya yamma, hagunsa ne kudu, kuma ta kudu rana ke ratsawa a wannan sashe na duniya, don haka barandar hagu ce ke samun hantsi. Mai komowa Ingila sai ya juya lissafi. Musulmi kuma zai tarar alƙibla tana wajen bayan jirgi a tafiyar yamma, tana gusawa a hankali daga kudu maso gabas a Southampton zuwa arewa maso gabas a Niyok. Agogo ma ana mai da shi baya da awa guda a dare biyar.

Ranar isa, tun da jijjifi jirgi yake shigewa ƙarƙashin gadar Verrazzano, bututun hayaƙinsa kamar ya taɓa ta, domin da gangan aka gajarta shi saboda wannan gada. Jim kaɗan sai mutum-mutumin 'yanci ya bayyana ta hannun hagu. Masu barandar hagu suna iya kallonsa daga ɗaki, amma da yawa daga cikinsu sukan yafa bargo su hau can rufin jirgi, su tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutanen ɗakunan ciki, har a isa tashar Brooklyn.