Yaran da Suka Iso Jimeta Babu Iyaye

A ƙarshen watan Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Kafin nan an riga an ci Madagali da Gulak da Michika, saboda haka waɗanda suka fake a Mubi sai suka sake yin gudu na biyu. Hedkwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi ma ba ta tsira ba. Wasu suka biyo hanyar Hong da Gombi da Song, wasu suka haura duwatsu suka faɗa Kamaru, daga baya suka zagayo. Akasarinsu Yola suka nufa.

Ina cikin Zumuntar Mata ta majami'armu a Jimeta, cikin Yola, a lokacin. Gwamnati ta buɗe sansanoni a Damare da Malkohi, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga dubban mutane, amma mafi yawan 'yan gudun hijira a gidajen jama'a suka sauka. Namu aikin da farko girki ne. Muna dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, muna rabawa a azuzuwan makarantar Lahadi inda mutane ke kwana.

A wajen rabon abincin ne muka fara gane yaran da suka iso babu iyaye. Yaron da ke da uwa, uwar ce ke miƙo kwano. Waɗannan kuwa a ƙarshen layi suke tsayawa, sai kowa ya karɓa su matso. Wasu maƙwabta ne suka tsinto su a hanya, wasu sun biyo ayari ne kawai. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, goye da ƙaninta, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ko da za ta yi wanka.

Muka kai maganar gaban fastonmu da dattawan ikkilisiya. Wani dattijo ya kawo shawarar a kama gida a tara su, a nemi taimako daga waje a yi gidan marayu. Shugabar zumuntarmu, tsohuwar malamar firamare, ta miƙe ta ce, "Baba, abinci da katifa za mu iya samu. Amma idan yaro ya farka da kuka cikin dare, wa zai kira? Mu da muka tashi a hannun goggonni da kawunnai mun san riƙo. A raba su gidaje." Fasto ya ce, "Mama, na ji. Amma sai an yi da tsari, don ba kowane mai cewa a ba shi yaro ne ke nufin alheri ba."

Tsarin ya fara da littafin rajista. Kowane yaro muka rubuta sunansa, sunan mahaifi da na kaka, ƙauyensu, yaren gidansu, da inda ya rabu da nasa. Da yawa ba sa jin Hausa sosai, sai mun nemo mai jin Margi ko Higi ko Fali. Ƙananan da ba su san sunan ƙauye ba, mukan tambaye su ranar da kasuwarsu ke ci, ko sunan majami'a ko masallacin da suke zuwa. Ba mu yarda a kira kowane yaro maraya ba sai an tabbatar. Ranar Lahadi a karanta sunaye bayan sujada, a aika kwafi sauran majami'u da sansanoni, a kuma ba ma'aikatan Red Cross masu neman dangin da suka ɓace. Ta haka yara da dama suka koma hannun iyaye ko kakanni. Na ga wata uwa da aka riga aka yi mata ta'aziyyar ɗanta, ta shigo ta same shi yana wasa da murfin kwalba. Ba ta yi magana ba, zaman dirshan ta yi a ƙasa.

Waɗanda ba a samu nasu ba su ne aka nema wa gidajen riƙo. Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Dole miji da mata su zo tare su amsa a gaban dattawa. Ba a raba wa da ƙani. Ba a sauya wa yaro suna. Zai shiga makaranta tare da 'ya'yan gida, ba talla ko aikatau ba. Duk ranar da danginsa suka bayyana, za a mayar musu. Masu son ɗaukar yaro ya zama nasu har abada a bisa doka, mukan tura su ofishin jin daɗin jama'a da kotu, mu kuma ce su yi haƙuri tukuna, don ana cikin ruɗani kuma iyaye na iya kasancewa da rai.

Cikin yaran akwai Musulmi. Fasto da kansa ya taka har wurin limamin unguwarmu ya ce, "Malam, ga amanarku a hannunmu." Liman ya ce, "Ɗa na kowa ne, Fasto. Allah ya saka da alheri." Shi ya nemo musu gidaje cikin jama'arsa, mu kuma muka ci gaba da leƙa su kamar sauran.

Wannan leƙawar ita ce aikin da ya fi nauyi. Mukan je bibbiyu, ba tare da sanarwa ba. Mu duba inda yaro ke kwana, mu ga ko kwano ɗaya yake ci da 'ya'yan gida, mu kira shi gefe mu ji ta bakinsa. Yawancin gidajen sun riƙe amana, wasunsu ma a ɗaki biyu suke da 'ya'ya shida. Sun yi fama da fitsarin kwance, da yaran da ke ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma, da masu shigewa ƙarƙashin gado in sun ji ƙarar babur. Amma akwai gidan da muka tarar an mai da yarinya 'yar aiki, 'ya'yan gida na makaranta ita tana wanke-wanke. A ranar shugabarmu ta ɗaure mata kayanta muka tafi da ita. Matar gidan ta daina gaishe mu, ba mu kuma damu ba.

Da sojoji da mafarauta suka ƙwato Mubi, sannan aka ƙwato Michika a farkon 2015, mutane suka fara komawa. Nan littafin ya sake yin amfani. Kawunnai suka zo neman 'ya'yan 'yan'uwansu, aka yi rabuwa da kuka a gidajen da suka saba. Yarinyar nan mai goyo, ƙanwar mahaifiyarsu ce ta zo ta tafi da su biyun.

Wasu ba wanda ya zo nema. Sun girma a Jimeta, Hausa da Fulatanci sun fi yaren iyayensu zama a bakinsu. Ko su ɗin, dattawa sun sa iyayen riƙo su riƙa kai su ƙauyukansu idan hanya ta yi kyau, a gabatar da su ga mai unguwa, a nuna musu gonar mahaifinsu a gaban shaidu. Dalilin a fili yake: yaron da ba a san fuskarsa a garinsu ba, ranar da ya girma ya je neman gadonsa, baƙo za a kira shi.